GANI YA KORI JI: MU KAI ƘANNENMU GIDAN ZOO NA KANO

Yau dai ba zancen kitso ko ƙunshi na zo mana da shi ba, ba kuma zancen wasiƙar masoyi ba. Zancen ƙannenmu ne, waɗannan ƙananan da ke bin mu zugui-zugui a tsakar gida, muna kora suna dawowa.

Bari in yi miki tambaya 'yar uwa, ki ba kanki amsa tsakaninki da Allah. Ƙanenki ɗan shekara 7 ko ƙanwarki 'yar shekara 9, sau nawa aka taɓa ɗaukar su aka kai su wani wuri don kawai su yi wasa su buɗe ido? Ba biki ba, ba suna ba, ba asibiti ba. A yawancin gidajenmu amsar ita ce ko sau ɗaya. Yaro a ƙasarmu ta noma, da damina yana gona, da kaka yana wajen ɓarar masara ko tsinkar auduga, yarinya kuwa farantin talla na bisa kanta tun safe. Da Sallah a ɗinka masu sababbin kaya, su zaga dangi su karɓo barka da Sallah, shi ke nan an gama sai baɗi.

A da kuwa daji ne wurin wasan yaran karkara. Can suke zuwa cin kanya da magarya da ɗinya, su ga zomo da barewa da idonsu. Yanzu fa? Namun dajin sun ƙare saboda farauta da sare itatuwa, dajin kansa kuma ya zama abin tsoro saboda 'yan bindiga. Babu wanda ya manta da watan Disamba na 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Tun daga irin waɗannan abubuwa iyaye suka ƙara ƙuntata wa yara fita, kuma ba a ga laifinsu ba. To amma sai ga shi muna da yara masu tasowa waɗanda kura da zaki da jimina a tatsuniyar kaka kawai suka san su, ko a hoton littafin makaranta, alhali kuwa ga wurin da za su gan su ido da ido, tafiyar safiya ɗaya daga ƙofar gidanmu.

WANE NE YA GINA SHI?

Gidan Zoo na Kano, wanda sunansa na hukuma yake ɗauke da sunan marigayi Audu Bako, yana kan titin da shi ma ya ci sunansa, wato Titin Zoo, wanda yawancinku kun san shi a baki saboda ofisoshin masu shirya finafinan Hausa da ke wajen. Audu Bako kwamishinan 'yan sanda ne, shi ne gwamnan farko na jihar Kano, ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, a lokacin da har Jigawa ta yau tana cikin Kano. Shi ne ya yi madatsar ruwa ta Tiga da ta Bagauda, kuma a zamaninsa aka kafa wannan gida a 1971, aka buɗe shi ga jama'a a 1972. Ke nan gidan ya haura shekara 50, ya girmi jiharmu ta Katsina wadda aka ƙirƙiro a 1987. Da yawa daga cikin iyayenmu da suka yi karatu a Kano ko Zariya sun shiga shi suna samari da 'yan mata, ki tambayi Baba ko Kawu ki ji labari.

Ba mu kaɗai muka san darajar irin wannan wuri ba. Mutanen Ingila sun buɗe nasu a birnin Landan tun 1828, Misirawa suka buɗe na Giza a 1891. A nan gida Jami'ar Ibadan ta fara nata a 1948, Jos ma tana da nata, haka maƙwabtanmu na Nijar suna da namun daji a cikin gidan tarihinsu na ƙasa da ke Yamai. Duk inda ka ga mutane sun keɓe fili mai faɗi a tsakiyar birni, inda ƙasa ke da tsada, sun ce ba za a yi kanti ko gida a kai ba sai itatuwa da dabbobi, to sun san abin da yaro ke buƙata ne ban da tuwo da sutura.

Abin da zai fara burge ki in kin shiga ma ba dabbobin ba ne, inuwa ce. Kin baro hayaniyar motoci da 'yan adaidaita-sahu da hayaƙi a bakin titi, sai ki tsinci kanki cikin manyan itatuwa da iska mai sanyi, kamar ba a cikin Kano kike ba. Akwai sarari da yara za su yi guje-guje, akwai wurin wasansu mai lilo, ko shillo kamar yadda muke cewa, akwai gindin itacen da za a shimfiɗa tabarma a buɗe kwanon abinci, ga masu ɗaukar hoto suna zagayawa.

ABIN DA ZA KI GAYA WA YARA A BAKIN KOWANE KEJI

Kuskuren da na ga mutane da yawa suna yi shi ne su ja yara fuuu daga wannan keji zuwa wancan, "ga zaki, ga kura, ku zo mu tafi", cikin rabin awa an gama. Haba! Ai ke da kika yi makaranta ke ce malamarsu a ranar. Ga kaɗan daga abin da za ki riƙe a ka.

Zaki, manyan dawa. Kada ki yi mamaki in kin same shi kwance yana hamma, yara suna ta kiran ya tashi ya ƙi. Ba ciwo yake ba, halinsa ke nan, don zaki yakan kwashe awa 16 zuwa 20 a yini yana hutawa. Rurinsa kuwa ana iya jin sa daga nisan kilomita 8. Ki gaya wa 'yan matan cikinsu cewa a dawa zakanya ce ke yin mafi yawan farauta. Ki kuma gaya masu cewa zakunan da suka rage a dazukan Nijeriya 'yan kaɗan ne, a wurare irin su Yankari ta jihar Bauchi da dajin Kainji, don su san abin da suke kallo ba abin banza ba ne.

Kura. A tatsuniya kullum ita ce sakarya mai kwaɗayi da Gizo ke yi wa wayo, a kasuwa kuma mun saba ganin ta da takunkumi a hannun gardawa. Amma kura mai dabbare-dabbare ba sakarya ba ce. Ba mushe kaɗai take jira ba, mafarauciya ce ta gaske, kuma muƙamuƙinta na farfasa ƙashi ta taune shi kamar ƙuli-ƙuli. Wani abin da zai ba ki dariya, a cikin kuraye macen ta fi namijin girma, kuma ita ke shugabancin garke.

Jimina. Ita ce mafi girma a duk tsuntsayen duniya. Ba ta tashi sama, amma da ƙafa tana iya gudun kilomita 70 a awa ɗaya, ta fi mai babur a cikin gari. Ki sa yara su ƙirga yatsun ƙafarta, za su ga biyu ne kacal. Ƙwanta guda ɗaya kuwa ya kai kimanin ƙwan kaza 24. Da na faɗa wa ƙanwata haka, sai ta ce, "Yaya, ashe da mai shayin unguwarmu yana da jimina ɗaya ya huta!"

Kada. Za ki same shi shiru, baki buɗe, kamar gungumen icce. Yana shan rana ne don ɗumama jikinsa, buɗe bakin kuma hanyar rage zafi ce. Duk muninsa, uwar kada tana gadin ƙwanta, in sun ƙyanƙyashe ta kwashi 'ya'yan a cikin bakinta a hankali ta kai su ruwa. Kuma zafin ramin da aka binne ƙwan shi ke sa 'ya'yan su fito maza ko mata. Ikon Allah ke nan.

Sai birai, waɗanda nan ne yara ke daɗewa, don biri ya yi kama da mutum, har yadda uwa ke rungume ɗanta tana duba masa jiki. Sai manyan kunkuru na ƙasashenmu na Sahel waɗanda kan haura shekara 70 a duniya, wani ma ya girmi kakarki. Sai mesa, wadda ba ta da dafi, naɗe abin da ta kama take yi ta matse. Sai ɗawisu wanda asalinsa daga Indiya yake, kuma namijin ne mai dogon gashin ado, macen ba ruwanta da kwalliya. Sai gauraka mai tukku kamar zinariya, wadda a da take yawo a fadamunmu da gidajen sarakuna, yau ganinta sai an yi dace.

Shawara ɗaya a nan: kada ki yi wa yaro alkawarin wata dabba tun daga gida. Dabbobi suna tsufa, suna mutuwa, ana kawo sababbi. Ki ce masa kawai, "Mu je mu ga wa za mu tarar." Alkawarin da aka yi wa yaro ba a cika ba, ya fi rashin zuwan ciwo.

LABARAI BIYU DA SUKA ZAGA DUNIYA

A shekarar 2019 sau biyu wannan gida yana shiga bakin duniya. A watan Yuni, bayan ƙaramar Sallah, aka wayi gari kuɗin shiga da aka tara, kusan naira miliyan 7, sun yi ɓatan dabo, har labari ya bazu wai goggon biri ne ya haɗiye su. Gidajen rediyo da jaridu har na ƙasashen waje suka ɗauka, aka yi ta raha, daga baya gwamnan wancan lokaci Abdullahi Umar Ganduje ya fito ya ce babu ma irin wannan biri a gidan, ya sa a yi bincike. Sai kuma a watan Oktoba, wani zaki ya kuɓuce a lokacin da ake ƙoƙarin mayar da shi kejinsa. Aka rufe gidan, mutanen unguwannin kusa suka kwana da ido ɗaya, amma bai fita daga harabar gidan ba, awakin da ya tarar ne suka ji a jikinsu, kafin a samu ya koma keji bayan kusan kwana biyu.

Ban kawo waɗannan don in tsorata ki ba, darasi biyu ne a ciki. Na farko, dabbar dawa dabbar dawa ce ko da ta shekara 20 a keji. Na biyu, ki dubi yawan kuɗin nan da aka tara cikin 'yan kwanakin Sallah daga ɗan abin da kowa ke biya a ƙofa, za ki gane irin cinkoson da ake yi. Kuma wallahi cinkoson nan ya fi zaki haɗari ga ƙaramin yaro.

KE DA AKA BA AMANA

A nan nake so mu yi magana ta tsakaninmu, ba kunya. Kowa ya san Gidan Zoo da Sallah matattarar samari da 'yan mata ce. Wata za ta ce wa Inna za ta kai yara kallon namun daji, alhali yaran fasfo ne kawai, akwai wanda ke jiran ta a gindin itace. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Ranar da muka je da ƙannena uku da wata goggonmu, da la'asar sakaliya muka ji kuka a kusa da ƙofar fita. Wata budurwa ce, ba za ta wuce shekara 17 ba, ta sha kwalliya, gyale ya zame, kwalli ya zubo har haɓa, tana ta kiran sunan wani yaro. Goggo ta riƙo hannunta ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya?"

Ta ce, "Wayyo Goggo, ƙanena ne, ɗan shekara huɗu, yanzun nan yana nan wallahi, na ce ya tsaya ya kalli birai ina zuwa."

Goggo ta ce, "Kina zuwa ina?"

Sai ta sunkuyar da kai. Saurayin da ke tsaye can gefe da kwalbar lemo biyu a hannu shi ya ba da amsar ba tare da ya buɗe baki ba. Muka bazu nema, mu da ma'aikatan wurin da wasu bayin Allah. Sai da aka kusa kiran magariba aka same shi can wani lungu, ya yi kuka ya gaji ya yi barci a jikin wata mai sayar da gyaɗa, wadda ta ce ta tambaye shi sunan babansa ya ce "Baba", ta tambaye shi garinsu ya ce "gidanmu". Allah ya kiyaye. Amma ki tsaya ki yi tunani, da ba a gan shi ba fa? Da wane baki za ta shiga gida? Wace kalma za ta fara gaya wa uwar da ta ɗauki cikinsa wata tara? Shi kuwa saurayin, ko da aka ga yaron, an neme shi an rasa.

'Yar uwa, saurayin kirki gida yake zuwa ya yi sallama. Wanda zai yarda ki saki hannun ƙanenki cikin dubban mutane don ki saurari daɗin bakinsa, gobe haka zai yi sakaci da naki 'ya'yan. In ranar yara ce, to ta zama ta yara.

YADDA ZA KI SHIRYA

Lokaci. In da hali ki guji ranakun Sallah. Mafi kyau shi ne bayan kaka, cikin hutun makaranta na Disamba, lokacin da an kai masara da dawa da waken suya gida, an sayar da auduga, aljihun Baba ya ɗan yi nauyi, rana kuma ba ta da zafi. Watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano ba na wasa ba ne, yara za su galabaita, dabbobin ma duk sun lafe a inuwa. Ki yi ƙoƙari ku shiga da hantsi, lokacin dabbobi na da kuzari.

Hanya. Daga Funtua ana bi ta Bakori zuwa Malumfashi, a wuce Dayi da Gwarzo, a shiga Kano ta Kabuga. Wasu kuma sukan bi ta Giwa da Zariya. Mu da muka tashi bayan gari ya waye sarai, kafin rana ta take muna cikin Kano. A shiga mota a tasha, ba a bakin hanya ba. A tambayi direbobi halin da hanya take ciki kafin a tashi. Kada a yi tafiyar dare ko ta asubar fari, in yamma ta yi gara a kwana wurin dangi a Kano a kamo hanya da safe. Kuma lallai a tafi da babba, Inna ko Goggo ko Yaya namiji, da izinin Baba.

Kuɗi. Kuɗin shiga ba shi ne mai nauyi ba, kuɗin mota ne. Don haka ki fara asusu tun damina. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ke da ƙawayenki ko 'yan uwa, ku yi adashi, ku ɗauki shatar mota ɗaya. In kuma ke ɗaliba ce, ki kai wa malamarku shawarar a shirya wa ajinku ziyara, don makarantu da yawa suna kai ɗalibai. Abinci kuwa a dafo daga gida, dambu ko ɗanwake ko shinkafa da wake, da zoɓo ko kunun aya a jarka, da ruwan sha mai yawa. Ya fi araha, ya fi tsafta.

Tsaron yara. Ki rubuta sunan yaro da na mahaifinsa da garinku da lambar wayar wani babba a 'yar takarda, ki sa masa a aljihu, ko ki maƙala da fil a cikin riga. Tun a gida ki koya wa ƙananan cikakken sunan Baba da sunan unguwa. In za ki iya, ki sa masu kaya iri ɗaya, anko ba na biki kaɗai ba ne, yana sa ki hango naki daga nesa. Da kun shiga ki nuna masu wuri ɗaya ki ce, "Duk wanda bai gan ni ba ya zo nan ya tsaya, kada ya bi kowa." Babba ɗaya kada ya riƙe yara fiye da uku, kuma duk kejin da za ku bari ki ƙirga su.

Ladabin wurin. Ba a zura hannu a keji, ba a ɗora yaro a kan shinge don ya gani da kyau, ba a jifar dabba don ta motsa, ba a miƙa mata biskit ko alewa ko leda. Leda tana toshe cikin dabba ta kashe ta, kamar yadda muke gani ga awakinmu na gida. Biri kuwa yana da saurin fizge abu, yana cizo, yana yaƙushi. In tsautsayi ya sa ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na kimanin minti 15, a nufi asibiti nan take ko da ciwon ƙarami ne, saboda cututtuka irin su ciwon haukan kare. Rigakafi ya fi magani.

In lokaci ya rage, Kano ba ta rasa abin kallo. Ga Gidan Makama inda aka adana kayan tarihi, kusa da fadar Sarki, ga Dutsen Dala wanda in kun hau za ku ga birnin shimfiɗe a ƙasanku. Amma kada ki haɗa wa yara komai a yini ɗaya, gajiya tana ɓata daɗi.

IN KANO TA YI NISA FA?

Na san akwai wadda za ta karanta wannan ta ce, "Mu da muke neman na cefane, ina mu ina Kano?" Gaskiyarki. To amma kada rashin kuɗin mota ya sa a fasa komai. Ki zaɓi yammacin Juma'a ɗaya, ki sauke wa ƙanwarki farantin talla da yardar Inna, ki ɗaura igiya a reshen bedi ko mangwaro ki yi masu shillo, ku yi 'yar gala-gala da carafke da langa, ki kawo littafin makaranta mai hotunan dabbobi ki ba su labarin jimina da kada da na ba ki yanzu. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne ruwa. Kada a bar yara su tafi bakin dam, irin na Mairuwa, ko kududdufin bayan gari su kaɗai da sunan yawon Sallah. Ruwa ba ya da reshen kamawa.

Ina kuma kira ga shugabannin ƙananan hukumominmu da masu hannu da shuni na wannan yanki. Ƙasar da ke ciyar da jihohi da masara, ta cika masaƙu da auduga, ba ta rasa filin da za a kewaye a dasa itatuwa a kafa lilo, inda uwa za ta kai 'ya'yanta hankali kwance ba. Abin da Audu Bako ya dasa a 1971, jikokin waɗanda suka fara shiga ne ke shan inuwarsa yau.

Ke kuma 'yar uwa, gobe ke ce uwa. Yadda kika riƙe ƙannenki yau, haka za ki riƙe naki. Yaro yakan manta da kalar rigar Sallarsa ta bara, amma ba ya manta wanda ya riƙe hannunsa ranar da ya fara ganin zaki. Duk wadda ta samu zuwa, ta rubuto mana ta gaya mana dabbar da ta fi burge yaran gidansu da irin tambayoyin da suka yi mata, za mu buga a shafin wasiƙu in Allah ya so.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.